Wata Shida Ko Sai Haƙori Ya Yi Ciwo? Tsokaci Kan Lokacin Zuwa Awon Haƙora

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen haƙori na wani babban asibiti da hantsi, a Yamai ne ko a Damagaram ko a Kano, ya san irin mutanen da ke zaune a kan bencin jira. Wannan ya tallafe kumatu da tafin hannu, waccan ta ɗaure muƙamuƙi da kallabi, ga kuma wani da fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya ƙanƙance. Kusan dukansu sun kwana ba barci. Da wuya a samu ko mutum ɗaya a cikinsu wanda ya zo alhali bakinsa lafiya ƙalau, don kawai a duba masa. A ɗaya gefen kuma, shirye-shiryen lafiya na rediyo da takardun wayar da kai suna nanata magana guda: a je wurin likitan haƙori duk bayan wata shida. Ga al'ada, ga kuma nasiha, kowace ta kama gabanta, babu inda suka haɗu.

An saba ɗora laifin wannan saɓani a kan jama'a, a ce sakaci ne ko rashin wayewa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ita ma nasihar tana da nata laifin. Ƙa'idar wata shida ba ta da ƙwaƙƙwarar hujjar kimiyya ko a ƙasashen da ta fito, kuma a ƙasashen Sahel ba mai yiwuwa ba ce ko da kowa ya amsa kira. Nasihar da ba za ta yiwu ba kuwa, ƙarshenta a saurara a wuce.

Tarihin ƙa'idar ya isa ya sa a yi mata kallon tsanaki. Ta daɗe a bakin likitoci, amma cikin abubuwan da suka cusa ta a kunnen talakawan Amurka har da talla. Daga shekarar 1929 kamfanin man goge baki na Pepsodent ya ɗauki nauyin wani mashahurin wasan barkwanci na rediyo, kuma tallarsa tana kiran masu saurare da su goge baki sau biyu a yini, su ga likitan haƙori sau biyu a shekara. Magana ce mai daɗin faɗi, mai sauƙin riƙewa, sai ta zauna. Kamfanonin inshora da hukumomin lafiya suka tsara biyan kuɗinsu a kanta, ɗaliban likitanci suka tarar da ita a matsayin gado. Sai a 1977 wani masanin lafiyar haƙoran al'umma, Aubrey Sheiham, ya fito a mujallar likitoci ta The Lancet yana tambaya ko akwai tushen kimiyya ga dubawar wata shida-shida. Ya laluba bai samu ba. Abokan sana'arsa da yawa ba su ji daɗin tambayar ba, kuma ba abin mamaki ba ne, domin duk wanda abincinsa ya rataya a kan yawan masu shigowa ba zai yi murna da mai cewa a rage zuwa ba.

Lokaci ya gaskata shi. A shekarar 2004 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar da jagora da ke cewa tazarar dubawa ta bi yanayin mutum. Ga baligi, mafi ƙarancin tazara wata 3, mafi tsawo wata 24. Ga wanda bai kai shekara 18 ba, daga wata 3 zuwa wata 12. Likita ne zai duba baki, ya tambayi abin da mutum ke ci da sha da cututtukan da yake ɗauke da su, sannan su yanke ranar dawowa tare. Daga baya aka gwada lamarin a aikace. Wani bincike da aka kira INTERVAL, wanda sakamakonsa ya fito a 2020, ya bi manya 2,372 a ɗakunan likitocin haƙori 51 a Birtaniya har tsawon shekara huɗu. Wasu ana kiran su duk wata shida, wasu gwargwadon haɗarin da likita ya hango musu, wasu kuma, daga cikin waɗanda aka ga bakinsu ba ya da matsala, sai bayan shekara biyu. Da aka zo ƙarshe, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba tsakaninsu ta fuskar zubar jinin dasashi ko ruɓewar haƙori.

Wani zai karanta wannan ya yi ajiyar zuciya, ya ce ashe dama zaman da yake yi bai taɓa zuwa ba daidai ne. A nan ne gizo ke saƙar. Mutanen da aka yi binciken a kansu masu zuwa dubawa ne tun asali. An san bakinsu, akwai takardar tarihinsa, an cike abin da ya kamata a cike, suna goge haƙora da man da ke ɗauke da sinadarin fuloraid. Tambayar da aka amsa a kansu ita ce ko mai zuwa sau biyu a shekara zai iya komawa sau ɗaya a shekara biyu ba tare da ya cutu ba. Binciken bai ce komai ba game da magidanci ɗan shekara 45 a Maraɗi wanda babu wani ma'aikacin lafiya da ya taɓa haska masa baki tun da aka haife shi. Game da yara ma, masu tace binciken likitanci na Cochrane sun nuna a 2020 cewa hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci a kan tazarar da ta fi ba. Ke nan abin da ya faɗi shi ne lambar shida, dubawar kanta tana nan da muhimmancinta.

Dalilin da ya sa ciwo ba zai zama agogon zuwa likita ba yana cikin halittar haƙorin. Farin ɓawon da ke rufe da haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kuma ba shi da jijiya. Ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin dattin da ke manne wa haƙori suna cin sukari, suna fitar da ruwa mai tsami, tsamin nan kuma yana zaizaye ɓawon sannu a hankali. A wannan mataki mutum ba ya jin komai, kuma a haƙoran manya zaizayar kan ɗauki shekaru kafin ta huda. A wannan matakin ne kaɗai ake iya tsayar da ɓarnar, har ɓawon ya sake yin ƙarfi, ba tare da an taɓa haƙorin da ƙarfe ba. Idan ta huda ta kai ga ɓangaren da ke ƙarƙashi, wanda ya fi laushi, sai a fara jin tsami idan an sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi. Har yanzu cikewa ta wadatar. Amma ciwon nan mai hana barci, mai bugawa kamar ana daka a ƙwaƙwalwa, alama ce cewa cuta ta isa ɓargon haƙori inda jijiya take. Daga nan zaɓi biyu ya rage: aikin jijiya mai tsada da ba ko'ina ake yin sa ba, ko cirewa. Shi ya sa a idon Bahaushe likitan haƙori da mai cire haƙori duk abu ɗaya ne. Ba a taɓa kai masa haƙorin da za a iya ceta ba, sai ya yi suna da abin da aka bar masa.

Akwai kuma yaudarar da ciwon kan yi. Bayan kwanaki na azaba sai ya lafa, mai shi ya ce kanumfarin da ya danna ko ƙwayar da ya saya wurin mai tallar magani ta yi aiki. Kanumfari yana da mai da ke kashe zafi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma sau da yawa abin da ya faru shi ne jijiyar ta mutu. Cutar tana nan tana gangarawa saiwa, ta tara mugunya a ƙashin muƙamuƙi. Idan kumburin ya bi ƙarƙashin harshe da wuya yakan toshe hanyar numfashi, kuma yana kisa. Wannan ba na ƙasashen talakawa ba ne kawai. A 2007 wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu a jihar Maryland ta Amurka bayan cutar haƙorin da ba a yi wa magani ba ta haura masa ƙwaƙwalwa, lamarin da ya kai har gaban majalisar dokokin ƙasar.

Ciwon dasashi ya fi wannan iya ɓuya. Yakan fara da ɗan jini a kan aswaki, wanda kowa ke ɗauka ba komai ba ne, dattin ya daskare a gindin haƙora ya zama kanta da buroshi ko aswaki ba su iya kankarewa, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya yi ta janyewa shekara da shekaru ba tare da zafi ba. Ranar da turmi ya fara girgiɗi, an riga an makara. Da yawa daga cikin dattawan da ake gani da giɓi ko wawulo, ana cewa tsufa ne, wannan ciwon ne ya zubar musu da haƙora.

To, idan jiran ciwo kuskure ne, me zai hana a rungumi wata shidan kawai, ko ba komai yawan dubawa ba ya cutarwa? Lissafi ne zai hana. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma uku cikin kowane huɗu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu. A yankin Afirka na hukumar, likitocin haƙori ba su wuce kimanin 3 ga kowane mutum 100,000 ba, Nijar da Chadi kuma suna ƙasa da wannan matsakaicin nesa ba kusa ba. A ɗauka ma kowane likita yana da mutum 30,000. Dubawa biyu a shekara ta zama 60,000. Idan ya yi aiki kwana 250 a shekara, sai ya duba baki 240 kullum, bai cike ko ɗaya ba, bai cire ko ɗaya ba, bai ci abinci ba. Ƙari a kan haka, ƴan likitocin da ake da su sun taru ne a manyan birane, mutumin karkara kuwa sai ya haɗa kuɗin mota da na kati da asarar yinin gona ko na kasuwa. Wanda aka ce wa ya yi wannan sau biyu a shekara alhali ba abin da ke damun sa, zai ɗauka mai maganar bai san rayuwarsa ba, kuma bai yi kuskure ba. Abin da ya fi muni shi ne idan ƙalilan masu hali suka bi ƙa'idar sau da ƙafa, su ne za su cinye lokacin likita da bakunan da ba su da matsala, mai buƙata yana waje.

Ɗalibin Hausa zai lura cewa harshen kansa yana da abin cewa a nan. A Hausa, “ganin likita” magana ce da ke ɗauke da rashin lafiya a cikinta. Wanda ya ce daga asibiti yake, tambayar da ke biyo baya ita ce, “Subhanallahi, wa ba shi da lafiya?” Kalmar “duba” ma ta fi karkata ga majinyaci, daga gare ta aka samu “dubiya”, ban da ɗaya ma'anar tata ta malamin duba, wadda ba ta da alaƙa da asibiti. Saboda haka idan aka ce wa mai lafiya ya je a duba shi, kunnensa yana jin kamar ana yi masa fatan ciwo. Sai dai harshen yana da wata kalmar da ta riga ta warware wannan matsala, wato “awo”. Mace mai juna biyu tana zuwa awo tana cikin ƙoshin lafiya, ba wanda ke yi mata sannu da jiki, ba kuma wanda ke mamaki. Uwa tana kai jaririnta awo a ɗora shi a sikeli, a rubuta a kati, a faɗa mata ranar dawowa. Wannan al'ada ba ta cikin gadon kaka da kakanni, cikin ƴan shekarun da ba su kai ɗari ba ta shigo ta zauna, har a ƙauyuka. Wanda ke cewa Bahaushe ba zai taɓa zuwa asibiti da lafiyarsa ba, matan da ke layin awo kowace safiya sun ƙaryata shi. “Awon haƙori” ya fi “duba haƙori” dacewa da abin da ake nufi, kuma yana tafe da darasin da ake buƙata: a awo, ma'aikaciya ce ke sa ranar dawowa gwargwadon abin da ta gani, mai hawan jini a ce ta dawo mako mai zuwa, wata a ce sai wata mai kamawa.

Abin da ya kamata a riƙa faɗa wa baligi ke nan: ya je sau ɗaya tun bai ji ciwo ba, ya kuma nemi likitan ya faɗa masa ranar dawowa da dalilinta. Idan bakinsa tsaf yake, shekara ɗaya ko biyu ba laifi ba ne. Idan yana cikin masu haɗari, wata shidan ma ta yi masa tsawo. Masu haɗarin kuwa sanannu ne. Akwai mai ciwon sukari, domin ciwon dasashi da ciwon sukari suna rura wa juna wuta, kowanne yana sa ɗayan ya yi wuyar shawo kai. Akwai mai shan taba da mai cusa garinta a leɓe, wanda baya ga dasashi yana fuskantar sankarar baki, cutar da kan fara da ɗan gyambo ko farin tabo marar zafi. Duk gyambon bakin da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ba ya jiran ranar awo. Akwai mai juna biyu, wadda dasashinta kan kumbura ya riƙa jini. Akwai kuma wanda magungunan da yake sha ke busar masa da yawu, tunda yawu ne ke wanke tsamin baki.

Sai kuma ƴan shayi, waɗanda ba su san suna cikin jerin ba. A fadojin samari na Yamai da Damagaram da Agadas, butar shayi ba ta sauka daga kan gawayi, ana zuba sukari ba awo, a sha na ɗaya, a jira na biyu, a jira na uku, hira ta kai dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen cokalin shayi 12 ga baligi. Amma ga haƙori, yawan lokutan da sukari ke ratsa baki yana da nauyi kamar yawan sukarin. Kowane kurɓi yana sabunta tsamin, kuma yawu yana buƙatar lokaci kafin ya kwantar da shi. Wanda ya shanye zaƙinsa zama ɗaya ya fi wanda ya rarraba shi a sa'o'i biyar sauƙin ɓarna. Aswaki, da yake sunna ce kuma al'ada mai kyau, yana kankare datti sosai idan an iya amfani da shi, sai dai an gaje shi ne daga zamanin da sukari bai zama abincin kullum ba.

Masu kare ƙa'idar wata shida suna da hujja guda da ta cancanci a saurara. Suna cewa lamba ɗaya tana da sauƙin tunawa, idan aka ce “ya danganta” kuwa, mutane za su ji “ba dole ba ne”. Gaskiya ne a inda ƙa'idar ta riga ta zama ɗabi'a. Amma a inda ba ta taɓa kama ƙasa ba, babu ɗabi'ar da ake tsoron rushewa. Ranar da aka rubuta wa mutum a katinsa, da sunansa, bayan an duba bakinsa, ta fi lambar da ake watsa wa kowa a rediyo kama zuciya.

Yara su ne inda maganar ta fi nauyi, kuma su ne inda jiran likitan haƙori ya fi zama ganganci. Haƙoran nono ɓawonsu siriri ne, ruɓa tana cin su da sauri, iyaye kuma kan yi ko oho da su tunda za a yi famfara. Amma akwai abin da ya fi ruɓa. Cutar noma, wadda sunanta ya zo daga Girkanci kuma ba shi da dangantaka da noman gona, wasu kuma kan kira ta ciwon iska, tana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 galibi, waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa ne da kumburin dasashi da jini da wari. Cikin ƴan kwanaki sai kumatu ya kumbura, nama ya mutu, ta huda fuska ta ci har ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na waɗanda ba su samu magani ba suna mutuwa, waɗanda suka rayu kuma suna tashi da fuskar da ke hana su ci da magana da shiga mutane. Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da cutar ta fi yawa. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, a Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana da cibiyar kula da irin waɗannan yara, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa a watan Disamba na 2023 aka shigar da noma cikin jerin cututtukan wurare masu zafi da aka yi watsi da su. A matakinta na farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Cutar da ke gama aikinta cikin mako biyu, babu dubawar wata shida da za ta tare ta.

Abin da zai tare ta shi ne idon da ke kusa. Yaron nan ana kai shi rigakafi, ana kai shi awo, ana auna damtsensa a cibiyar tamowa, ana ba shi maganin kariya daga zazzaɓi gida-gida da damina. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ɗaga leɓensa a haska dasashi ba zai ci minti ɗaya ba, kuma ba ya buƙatar digirin likitan haƙori. Kayan aikin da ke biyo baya ma ba duka ne ke neman kujerar asibiti da lantarki ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro a Tanzaniya wata hanyar kankare ruɓa da ƙananan ƙarafan hannu a cike ramin ba tare da injin huda ba, a 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man goge baki mai fuloraid, da abin cikewar da ake amfani da shi a wannan hanya, da wani ruwan azurfa da ake ɗigawa a rami ya tsayar da ruɓa, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Ruwan azurfar yana baƙanta wurin da ya taɓa, don haka sai an yi wa uwa bayani tukuna, amma ma'aikacin jinya da aka horar zai iya shafa shi a ɗakin shan magani na ƙauye, ya rubuta ranar dawowa a katin awon yaron, ya tura wanda ya fi ƙarfinsa birni.